Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gidanmu lokacin hutun damina, wanda ya zama mini darasi.

Zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanwata, muka kai ta asibiti, aka ba ta maganin nan Coartem. Mai ba da magani ya ja kunnen mahaifiyarmu ya ce, "Hajiya, duk lokacin da za ta sha, a haɗa mata da madara ko abinci mai maiƙo." Da muka fito, Inna ta tambaye ni dalili, tun da ni ne ɗan makaranta. Wallahi kunya ta rufe ni, don ban sani ba. Shi ya sa da muka dawo hutu ban zame ko'ina ba sai wurin malaminmu na kimiyya.

Malam ya ce mini duk maganin da aka haɗiya, sai ya narke a cikin ruwan ciki da hanji kafin ya shiga jini. Wanda bai narke ba kuwa, wucewa yake yi a banza. To, ɗaya daga cikin sinadarai biyu na wannan magani, wato lumefantirin, ba ya shiri da ruwa sai da mai. Idan yaro ya sha shi da ruwa zalla, kaɗan ne zai shiga jininsa, zazzaɓin kuma yana iya dawowa. Ya ce magunguna da yawa haka suke, kuma wata dabara da masana suka samo ita ce su mai da maganin ƙanana ƙwarai.

Don in fahimta, sai ya tuna mini da kanwa. Kowa ya san dunƙulen kanwa yana daɗewa a ruwa bai jiƙa ba, amma dakakkiya nan da nan take narkewa. Dalili shi ne ruwa daga waje yake cin abu. Muka yi lissafi a allo. Ɗan dunƙule mai kusurwa wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita 1 ne, fuskokinsa murabba'in santimita 6 ne. In aka yanka shi zuwa 'yan gutsattsari masu milimita 1, za a sami guda 1,000, fuskokinsu kuma su zama murabba'in santimita 60. In kuwa aka ci gaba har kowane gutsure ya koma nanomita 100, fuskokin za su kai murabba'in mita 60, wato sun fi daɓen ɗakuna da yawa faɗi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Tun a 1897 wasu masana biyu a Amurka, Noyes da Whitney, suka yi nazarin saurin narkewar abubuwa, kuma a kan aikinsu aka gina wannan ilimi.

Ana niƙa maganin ne cikin ruwa a wani inji mai ɗauke da 'yan ƙananan duwatsu, a kuma zuba wani sinadari da zai hana ƙwayoyin sake curewa. A 2000 aka amince da ƙwayar Rapamune, wadda aka yi ta wannan hanya, domin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na wani maganin sankara mai suna fakilitazel. An samo shi daga ɓawon wata bishiya ta dazuzzukan yammacin Amurka, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, aka amince da shi a 1992 da sunan Taxol. Da yake ba ya narkewa a ruwa, sai aka riƙa narkar da shi cikin wani sinadari da ake yi da man zurma, a ɗura a jijiya. Wannan sinadari yana tayar wa wasu marasa lafiya da hankali, numfashinsu ya sarƙe, saboda haka dole a fara ba su wasu magunguna na kariya, ɗurin kuma yakan ɗauki awa 3. Daga baya aka haɗa maganin da albumin, wani sinadari da ke cikin jinin ɗan Adam, aka yi ƙwayoyi masu girman nanomita 130. A 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Abraxane domin sankarar mama. Cikin minti 30 ake gama ɗura shi, kuma babu man zurma a ciki. Sai dai fa har yanzu magani ne mai ƙarfi, mai wahalar da jiki, ga kuma tsada.

Amma a nan Malam ya yi mini gargaɗi, ni ma ina isar da shi. Kada wani ya ji wannan bayani ya ce zai daka ƙwayar magani a turmi. Wasu ƙwayoyin da gangan aka lulluɓe su don su narke sannu a hankali, daka su haɗari ne. Sai an tambayi likita tukuna.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in an ce a sha magani da abinci ko da madara, a bi umarnin, kuma a shanye shi duka ko da yaro ya ji sauƙi. Ku kuma 'yan'uwana, mu dage da lissafi da kimiyya, domin ƙasarmu tana bukatar masu haɗa magunguna. Ƙanwata ta warke sarai, alhamdu lillahi, kuma na aika wa Inna amsar tambayarta. Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, amin.