Darasi: Wa Zai Nome Gonar Gwauruwa?

Mu duba Ayyukan Manzanni 6:1-6. Gunaguni ya tashi a Urushalima domin ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Sai Manzanni suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, suka ɗora musu hannu, aikin ya rataya a wuyansu.

A ƙauyukanmu ma, ciyawa takan cinye gonar tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, kowa kuwa yana tsammanin wani ya je. Saboda haka kafin noman firi, katikis da Zumuntar Mata su rubuta irin waɗannan gidaje, a sa ranar gayya, a kuma faɗi sunan jagoranta bayan Misa.