Dundumi Da Haƙƙin Yaro A Kan Mahaifinsa

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ciyar da yaro wajibi ne a kan mahaifinsa gwargwadon ikonsa. Abin da ya kamata a bincika shi ne ma'anar ciyarwar. Sau da yawa magidanci yakan auna gero ya kai gida, yaro ya ci tuwo ya sha fura har cikinsa ya cika, alhali kuwa jikinsa yana cikin yunwa. Dalili kuwa, akwai waɗansu sinadarai da jiki yake bukata kaɗan kaɗan, mafi yawansu kuma ba ya iya yinsu da kansa sai an ci su cikin abinci. Su ne ake kira bitamin, sunan da wani masani mutumin Folan, Casimir Funk, ya sa musu a 1912.

Wanda ya fi shafar yaran ƙasar Sakkwato shi ne bitamin A. Alamar farko ta rashinsa ita ce dundumi, watau yaro yana gani sarai da rana, amma da zarar an yi magariba sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da ƙwarya. Larabawa sun san wannan cuta tun zamanin jahiliyya, suna kiran mai ita a'asha, laƙabin da ya bi shahararren mawaƙinsu Maimunu ɗan Ƙaisu saboda raunin ganinsa. Likitocin dā na Masar da na Yunan da hanta suke maganinta, sun kuwa dace ko da yake ba su san dalili ba, domin a hanta ne dabba take ajiye wannan sinadari. In aka yi sakaci da dundumi, ido yakan bushe, baƙinsa ya yi gyambo, yaro ya makance makantar da ba ta da magani.

Ba ido kaɗai abin yake taɓawa ba. Bitamin A shi ke ƙarfafa fatar da ta lulluɓe hanji da hanyar numfashi, saboda haka yaron da ya rasa shi gudawa da ƙyanda sun fi saurin kayar da shi. A 1986 wani likitan ido Ba'amurke, Alfred Sommer, ya bayyana binciken da ya yi a ƙasar Indonesiya, inda ya ga cewa ba yara wannan sinadari sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne asalin ɗan ƙwanson nan da ma'aikatan lafiya suke matsa wa yara a baki: shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, bayan kowane wata shida. Uban da ya hana a ba ɗansa, bisa jita-jitar da bai bincika ba, ya tauye masa haƙƙi.

Wanda yake son ya ga ƙarshen yunwar yara, ga Asibitin Noma nan cikin birnin Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Noma takan fara da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, in ba a yi magani ba kuwa yawancin yaran ba sa tashi. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ta, amma yaron da rashin abinci mai gina jiki da ƙyanda suka riga suka raunana shi ta fi kamawa. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

To, abin mamaki shi ne maganin yana kusa. Fadamun Kware da Wamakko da Goronyo suna fitar da ganye da kayan lambu, zogale kuwa yana tsaye a bayan gida. Karas, kabewa, alayyafo, gwanda, mangwaro, manja, ƙwai, man shanu da hanta duk suna ɗauke da shi. Sai dai a kula da abu biyu: ganyen da aka shanya a tsakiyar rana yakan rasa yawancin amfaninsa, gara a shanya a inuwa, kuma jiki ba ya karɓar sinadarin sosai sai da ɗan mai a cikin miya. Tun 2002 gwamnati ta wajabta sa shi cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, ana kuwa gane su da hoton ido a jikin buhu ko galan.

Amma tushen abin duka nonon uwa ne, wanda Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga shayar da shi. Dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa da waɗansu tsofaffi suke sa a matse a zubar wai ƙazanta ne, shi ya fi kowane nono yawan bitamin A. Ƙwanson asibiti kuwa kada a saye shi a kasuwa a riƙa ba yaro kullum, domin yana taruwa a hanta, in ya yi yawa ya zama guba.