Idan Ruwan Lagireto Yana Raguwa Ba Ka Ga Ɗigo Ba

Mai a-kori-kura, idan kullum sai ka ƙara ruwa amma ƙasa a bushe take, to ruwan yana ƙonewa ne kafin ya sauka, ko yana shiga cikin inji.

Fara da murfin lagireto, shi ne mafi araha. Idan robarsa ta tsufa, ruwan zai riƙa fita a matsayin tururi. Sai inji ya huce za ka buɗe murfin, kada ka ƙona fuska. Daga nan haska tocila ƙarƙashin famfon ruwa da bakin kowane tiyo, ka nemi farin busasshen tabo. Taɓa shimfiɗar ƙafar fasinja ma. Idan da danshi, mai yiwuwa hita ce ta huje.

Ba ka ga komai ba? Bakanike ya yi wa lagireto famfon iska daidai lambar da ke kan murfin, galibi bar 0.9 ko 1.1. Idan allurar famfon ta sauka, akwai ɓaraka.

Wanda nake tsoro shi ne gasket ɗin kan inji. Alamunsa: farin hayaƙi daga salansa, kumfa a lagireto, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Nan a sauke kan inji, a auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket. Maganin toshe ɓaraka na gwangwani kuwa, ni ban yarda da shi ba, yakan toshe hita.