Ɗana Yana Son Koyon Jita

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 ya nace sai na sa shi makarantar kiɗa ya koyi jita. Bai yi ƙanƙanta ba kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, bai yi ba, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai kada ki saya masa jitar manya. Ki nemi ƙarama wadda hannunsa zai kai ƙarshen wuyanta cikin sauƙi, mai tsirkiyar nailan, domin ta ƙarfe tana cin yatsun yara. A makonnin farko kan yatsunsa zai yi zafi. Ki lallashe shi, sannu a hankali za su yi kanta.

Kafin ki biya kuɗi, ki je ki ga yadda malamin yake koyarwa. Yana gyara wa yaro zama da riƙo? Yana nuna masa yadda ake saita tsirkiyoyin nan shida kafin a fara kaɗawa? Ki zaɓi ajin da ba cunkoso.

A gida kuwa, minti 15 kullum bayan ya gama aikin makaranta ya fi awa biyu ranar Asabar. Ki riƙa zama kina sauraronsa, kina yaba masa. Allah ya raya mana shi.