Murzuna ba ta jin feshi

Manomin da ya duba zangarniyar hatsi a ƙasar Mirya ko Magarya ya ga wata hanya ta murɗe ta naɗe ta, ƙwaya ta kakkaɓe sai dusa-dusa, ya san murzuna ta wuce ta nan. Wannan tsutsa ta zama annoba a ƙasashen Sahel tun bayan babban farin farkon shekarun 1970. Tana kwana cikin ƙasa duk rani, idan damina ta zauna sai uwarta ta fito da dare ta zuba ƙwai a kan zangarniyar da ke leƙowa. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa sai ta kutsa ƙarƙashin furen ta riƙa yanke shi daga tushe. Nan matsalar feshi take. Kafin mai gona ya ga ɓarna, tsutsa ta girma ta ɓuya inda ruwan magani ba ya kaiwa, ga hatsi ya fi mutum tsawo, abin da ka fesa sama kanka yake dawowa. Abin da maganin ke samu a fili shi ne zuma da ƙananan ƙwarin da ke cin murzunar. Balle yawancin kwalaben da ke shigowa kasuwanninmu ta iyakar Najeriya ba su da izinin kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari, bayaninsu da Turancin Ingilishi, mai saye bai karanta ba, mai sayarwa ma haka.

Shi ya sa mu ma'aikatan kare amfanin gona muka fi karkata ga wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwanta a jikinta, ƴaƴan su cinye ta, cikin kwana goma ko makamancin haka sabon zanzaro ya tashi neman wata. Tun 2006 cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maradi, tare da hukumar kare tsirrai ta ƙasa da tallafin gidauniyar McKnight, take kiwonsa tana sakinsa a ƙauyuka, kuma Farfesa Ibrahim Baoua yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: ƴar jakar algarara da ɗan hatsi da gari a ciki, da tsutsar asu 25 don abinci, da matan zanzaro biyu. Akan rataya jaka 15 kewayen ƙauye lokacin da hatsi ke fitar da kai, ƙwaron ya fita ta ramukan saƙar ya bazu ƴan kilomitoci. A gwaje-gwajen da aka yi, akasarin tsutsar ta mutu a inda aka saki zanzaron, amfanin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Akwai masu cewa garin neman gira za a rasa ido, a kawo ƙwaro ya kashe ƙwaro shi kuma ya zame mana sabon ciwo. Da baƙo ne da tsoron yana da hujja. Amma ɗan ƙasa ne, yana nan cikin rumbunanmu yana bin tsutsar da ke cin hatsin ajiya, ba ya cin ganye, ba ya taɓa ƙwaya, ba ruwansa da mutum. Yawansa kawai ake ƙarawa, a kuma fito da shi da wuri, domin idan aka bar shi da kansa sai ɓarna ta gama aukuwa yake yawaita. Masu cewa yana da jinkiri kuwa suna auna aiki ne da gawar ƙwaron da suke gani a ƙasa bayan feshi, alhali abin aunawa shi ne damin da ya shiga rumbu. Gaskiya ne ba ya maganin fara, ba ya hana tsuntsu, kuma duk wanda ya sayar da shi a matsayin maganin komai ya cuci manomi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Zafin bazara da rashin abinci suna rage ƙwaron ƙwarai, don haka dole a sake saki kowace damina. Sannan zanzaro bai san iyakar gona ba: wanda ya saya da wanda ya naɗe hannu duk suna amfana, abin da ke sa kowa jiran maƙwabcinsa. Wannan bai rushe hanyar ba, ya dai nuna cewa sayen na gayya ne. Jaka 15 ga ƙauye guda abu ne da ƙungiyar manoma ko mai gari da sarkin noma za su iya tara wa kuɗi tun kaka, kamar yadda ake karo-karon gyaran rijiya. Ƙananan hukumomi daga Matamai zuwa Dungas su ma suna iya sa shi cikin kasafinsu, su ba masu kiwon ƙwaron oda tun kafin shuka, domin jakar da ta iso bayan hatsi ya yi ƙwaya ba ta da sauran amfani a wannan shekarar.