Afiniki Ta Sallami Ɗanta Timoti

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:1-5, 2 Timoti 1:3-7 da 3:10-17.
Ayoyin haddacewa: 2 Timoti 3:14, 15.

'Yan'uwa, da wuya a sami ekklesiyar da ba a taɓa ganin wannan abu a cikinta ba. Takarda ta zo, an karɓi saurayi ko budurwa a wata babbar makaranta mai nisa, ko Zariya, ko Ibadan, ko Nsukka, ko ma ƙetaren teku. Da rana a yi murna, maƙwabta su shigo barka. Da dare kuwa, sa'ad da kowa ya kwanta, uba ya shiga lissafin kuɗi da na hannuwan da za su ragu a gona, uwa kuma ta juya fuska wajen bango tana tunanin abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Darasinmu na yau domin waɗannan iyaye ne. Za mu dubi wata mace wadda sunanta ya fito sau ɗaya tak cikin Littafi Mai Tsarki, mu ga yadda ɗanta ya bar gida domin ya koyi aikin Ubangiji a hannun manzo Bulus.

Garinsu Listira ne, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, wajen mil 20 daga Ikoniya. Uwar Bayahudiya ce mai bi, sunanta Afiniki. Mijinta Bahelene ne. Yadda Luka ya ambace shi ya sa waɗansu masana su ke tsammani ya riga ya rasu. In haka ne, to, ɗan da a ke shirin tafiya da shi shi ne namijin gidan. Akwai kuma tsohuwa, Loyis, kakar yaron. Wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya iso garin tare da Sila, ya ga Timoti, ya so ya tafi da shi. Timoti ba ƙaramin yaro ba ne a lokacin, gama sunansa ya riga ya kai har Ikoniya. Amma saurayi ne ɗanye, tun da ya ke bayan shekara fiye da 10 Bulus yana gargaɗinsa kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa (1 Timoti 4:12).

Yanzu sai mu tambaya, wane irin malami ne wannan da ya zo neman ɗan mutane? Mai bi da ƙungiya ya sa wani ya karanta Ayyukan Manzanni 14:8-20 a nan, gama in ba a karanta shi ba, ba za a ji nauyin abin da Afiniki ta yi ba. Wannan ba shi ne zuwan Bulus na fari a Listira ba. A zuwansa na fari ya warkar da wani gurgu, mutanen gari suka ɗauke shi da Barnaba alloli ne, har firist ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. Ba a daɗe ba waɗansu suka zo daga Antakiya da Ikoniya suka juya hankalin taron, aka jejjefi Bulus da duwatsu, aka ja shi bayan gari, ana zaton ya mutu. A garin Afiniki aka yi wannan. Bulus da kansa ya tuna wa Timoti daga baya cewa ya san wahalar da ta same shi a Listira (2 Timoti 3:11). Abin da ɗa ya sani, da wuya a ce uwa ba ta sani ba. Ashe, ba ɗakin karatu mai inuwa aka kira ɗanta ba. Makarantar a kan hanya ta ke, malamin kuwa yana ɗauke da tabon duwatsu a jikinsa.

Luka bai rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Mu da muka san alkunyar iyaye mata, yadda uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, balle ta nuna ƙaunarsa a gaban jama'a, wannan shiru ba zai ba mu mamaki ba. Abin da muka gani shi ne yaron ya tafi, dattawan ekklesiya suka ɗora masa hannu (1 Timoti 4:14), kuma bayan shekaru masu yawa, sa'ad da Bulus ya ke kurkuku yana jiran mutuwa, ya tuna da matan nan biyu da yabo, ya ce bangaskiyarsu sahihiya ce. Da a ce uwar ta tare ƙofa, ko ta bi ɗanta da baƙar magana, da ba haka manzon zai ambace ta ba.

Ga inda ya kamata mu daɗe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Guzurin da Timoti ya fita da shi ba a daren tafiya aka ɗaura shi ba. Bulus ya ce tun yana jariri ya san Littattafai masu tsarki, watau Attaura da Zabura da Annabawa, gama Sabon Alkawari bai riga ya kasance a rubuce ba. Wa ya koya masa? Uban Bahelene ne, har ma ba a yi wa yaron kaciya ba sai da Bulus ya zo. Wannan ya nuna a wani fanni maganar uwar ba ta ci ba a gidan. Duk da haka abin da ke hannunta ba ta sake shi ba. Ita da tsohuwa suka yi ta zuba maganar Allah cikin kunnen yaro, yau kaɗan, gobe kaɗan, ba wanda ya gani, ba wanda ya yaba. Matan zumunta waɗanda mazajensu ba su bi ba, su lura da wannan ƙwarai.

Sau da yawa mu kan yi akasin haka. Shekara 18 yaro yana cin tuwo a gabanmu, bai taɓa jin mun yi addu'a da sunansa ba, bai taɓa ganin mun buɗe Littafi a gida ba sai ranar Lahadi. Sa'an nan a tashar mota, direba yana kira, mu tsaya mu zuba masa wa'azin shekara 18 cikin minti 5: kada ka sha, kada ka bi mata, kada ka bar sujada. Yaron ya ce to, Baba, hankalinsa yana wajen akwatinsa. Tsoron da ke kama iyaye a ranar nan, rabinsa tsoron baƙon gari ne, rabinsa kuwa zuciya ce ke faɗa musu goran bai fafu ba. Wanda 'ya'yansa su ke ƙanana tukuna, ya ji wannan tun da sauran lokaci. Wanda nasa ya riga ya girma kuwa, kada ya karai. Ya zauna da shi kafin ranar, ya faɗa masa gaskiya, har in akwai inda ya gaza a matsayin uba, ya ce ya gaza. Irin wannan magana ta kan bi yaro nesa fiye da dogon gargaɗi.

Abu na biyu gajere ne. Afiniki ba ta yi shawarar ita kaɗai ba. 'Yan'uwa na Listira da Ikoniya sun yi shaidar Timoti, sun kuma san Bulus. Ba laifi ba ne uba ya tambaya, wace makaranta ce, me a ke koyarwa, a ina yaro zai kwana, wa muka sani a garin. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Tun zamanin manzanni ana ba matafiyi takardar shaida zuwa wata ekklesiya, kamar yadda aka yi wa Afolos (Ayyukan Manzanni 18:27). Fasto ya rubuta wa ɗanku irinta. A makarantu kuma akwai ƙungiyoyin ɗalibai masu bi, kamar FCS wadda aka fara a Gindiri a 1957, da NIFES ta manyan makarantu wadda aka kafa a 1968. Yaro ya san sunansu tun kafin ya sauka daga mota.

To, me ya sami Timoti bayan ya fita? Bai kamata mu ɓoye ba, gama Littafi bai ɓoye ba. Suka yi tafiya mai nisa a ƙafa har Taruwasa, suka haye teku zuwa Makidoniya. A Filibi aka yi wa malaminsa da Sila bulala aka jefa su kurkuku. A Tasalonika aka ta da hargitsi. Aka bar shi a Biriya, daga baya aka aike shi ya koma Tasalonika ya ƙarfafa masu bi, aka kuma aike shi Koranti inda ekklesiya ta ke da wuyar sha'ani, har Bulus ya roƙe su kada su sa shi jin tsoro (1 Korantiyawa 16:10). Ba shi da ƙarfin jiki; ciwon ciki ya dame shi, yana yawan rashin lafiya (1 Timoti 5:23). Ya yi hawaye sa'ad da suka rabu da Bulus. Shi kansa ya shiga kurkuku (Ibraniyawa 13:23). Kusan duk abin da uwa za ta ji tsoro ya same shi. Amma kuma wannan yaron Listira ne sunansa ya ke tare da na Bulus a farkon wasiƙu 6 na Sabon Alkawari, shi aka bar wa kula da ekklesiyar Afisa, shi ne manzon ya ce ba shi da wani kamarsa, ya yi masa hidima kamar ɗa da ubansa (Filibiyawa 2:20-22).

Maganar nan ta ƙarshe tana da ƙaya ga iyaye. Wani mutum dabam ya kira ɗan Afiniki ɗansa. Haka ya kan zama. Yaronku zai komo hutu yana ta ambaton wani malami, ya ce malam ya ce kaza, malam ya ce kaza, ya kawo kalmomin da ba ku taɓa ji ba. Uba ya ji kamar an ƙwace masa kujera. A ganina wannan kishi ya fi rashin kuɗi ɓata tsakanin iyaye da 'ya'yansu masu karatu. Ku lura fa da abin da Bulus ya yi. Bai ce wa Timoti ya manta da koyarwar ƙauye ba. Ya ce ya tsaya a kan abin da ya koya, yana tunawa da waɗanda suka koya masa. Malamin kirki ya kan komar da yaro wajen tushensa. Ku matasa da ke zaune a nan, wannan gefen naku ne: hannun da ya sayar da akuya da buhun acca domin kuɗin makarantarku bai iya riƙe alƙalami ba, amma kada ku kuskura ku gyara masa magana a gaban baƙi.

Wani zai ce, nawa ya tafi amma bai gama ba. Ya faɗi jarrabawa, ko kuɗi ya yanke, ko ya ji tsoro ya gudo. Akwai irinsa cikin Littafi. Yohanna Markus, wanda gidan uwarsa Maryamu a Urushalima ya ke wurin taron addu'a, ya bi Bulus da Barnaba, da suka kai ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma gida (Ayyukan Manzanni 13:13). Abin ya ɓata wa Bulus rai har suka rabu da Barnaba a kansa. A tafiyar da aka ƙi zuwa da Markus ne aka ɗauki Timoti. Amma Barnaba ya sake ba Markus hanya, kuma cikin wasiƙar nan da mu ke karantawa Bulus ya ce wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi (2 Timoti 4:11). Gidan da ya sallami yaro da albarka, ya bar ƙofa a buɗe ko da ya komo hannu wofi. Yara da yawa sun zauna cikin yunwa da kunya a baƙon gari, suna ƙarya a waya cewa komai lafiya, domin an gaya musu ranar tafiya kada su komo sai da takardar shaida.

Game da 'ya'ya mata, kalma ɗaya. A gidan da mu ke dubawa mata biyu ne suka san Littattafai har suka koyar. Wanda ya ce karatun 'ya mace asara ne tun da gidan wani za ta, ya tambayi kansa daga ina Timoti ya sami nasa.

Bayan sallama kuma aiki bai ƙare ba. Hannatu ta kai Sama'ila Shilo yana ƙarami, amma kowace shekara ta kan ɗinka 'yar riga ta kai masa (1 Sama'ila 2:19). Dole kowace shekara ta ƙara wa rigar faɗi da tsawo, gama yaron yana girma a inda idonta ba ya gani. Na san wata tsohuwa da ɗanta ya yi shekara 4 yana karatu a kudu. Ba ta iya rubutu ba, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ta ji zai bi ta garin, sai ta ɗaura masa ƙullin yaji da daddawa da kuka ya kai. Yau muna da waya a aljihu, ana aika kuɗi cikin ƙiftawar ido. Sai dai a kula, kada wayar ta zama igiya, ana kira safe da yamma ana bincike kamar mutumin nan ɗan shekara 10 ne har yanzu. A auna rigar da girmansa na bana.

Domin tattaunawa: Da kai ne dattijo a Listira, Afiniki ta zo ta tambaye ka ko ta bar ɗanta ya bi mutumin da aka jejjefa, me za ka ce mata? Waɗanne dalilai ne na hana yaro tafiya su ke da gaskiya, waɗanne ne kuma tsoro ko son kai ya sa musu rigar hikima? In gwauruwa a cikinmu tana da ɗa guda, aka karɓe shi a makaranta mai nisa, wa zai nome mata gonarta?

Kafin a tashi, mai bi da ƙungiya ya rubuta sunayen dukan 'ya'yan ekklesiya da ke karatu a wani gari, a raba su tsakanin gidaje, kowane gida ya ɗauki suna ɗaya na ɗan da ba nasa ba, ya yi masa addu'a, ya kuma aika masa da gaisuwa cikin wannan mako. Karatun mako mai zuwa, 1 Sarakuna 19:15-21.