Wake Naman Talaka

Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi, damina kuwa tana rikicewa. Hayaƙin motoci yana cikin dalilan, haka kuma iskar da shanu ke gyatsawa. A 2013 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya daga kiwo take fitowa.

Ba a ce manomi ya rabu da shanunsa ba. Amma in ya shuka wake tsakanin gero, iyalinsa sun sami abin gina jiki madadin nama. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, watau kuɗin taki ya ragu. Harawa kuma ta ciyar da bisashe da rani. Lalle bana a bar wa wake wuri a gona.